Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo, Mai Gida Ke Biya

Ranar da aka biya ni kuɗin sallama bayan shekara 35 ina aikin gwamnati, mashawarta suka yi mini caa kamar ƙudaje sun ga mangwaro. Wani ya ce shanu, a kai ƙauye a yi mini kiwo. Wani ya ce a-daidaita-sahu biyu, kullum da magariba a kawo mini balas. Wani ya ce hatsi a Dawanau, in saya da kaka in fitar da damina. Wanda maganarsa ta shige ni kuwa wani abokina ne dillali. Ya karkato hula, ya rage murya, ya ce, "Malam, saniya tana mutuwa, keke yana kifewa, hatsi ƙwaro ke ci. Ka taɓa jin an sace gida? Sayi gidan haya, kana kwance kuɗi na shigowa."

Gaskiyarsa, har yau ban ji an sace gida ba. Kwanciyar ce dai nake jira.

Gidan yana can wajen Rijiyar Lemo: ɗaki takwas suna kallon juna, huɗu nan huɗu can, ciki da falo biyu a ƙurya, banɗaki biyu, madafa ɗaya, rijiya a tsakar gida, da shago a waje. Na ce ba wakili, ba kamfanin dillalai, ni zan riƙe abina da hannuna, don kashi 10 da za a cire gara ya kwana a aljihuna. Tun daga ranar na zama alƙali, na zama ɗan sanda, na zama mai karɓar haraji, na zama mai sasanta aure, ba rawani ba albashi. Ribar da na tabbatar na samu ita ce sanin mutane. Kuma tunda adalci ya ce mutum ya fara da kansa, bari in fara da mu masu gida.

Na farkonmu shi ne mai biro da takarda, wato ni a shekarar farko. Shi gidan haya a wurinsa darasin lissafi ne na 'yan firamare. A ce ɗaki takwas, kowanne naira 100,000 a shekara, 800,000 ke nan. Ciki da falo biyu a 250,000 kowanne, 500,000. Shago 200,000. Jimla miliyan ɗaya da rabi. Gidan miliyan 18 aka saya, ashe shekara 12 ya mayar da uwar kuɗi, sauran duk romo. Ya ja layi biyu a ƙasa, ya yi hamdala, har ya fara tambayar kuɗin kujerar Makka. A cikin takardar nan tasa ba a ruwan sama, masai ba ya cika, iska ba ta yaye kwano, ɗaki ba ya zama wata huɗu ba kowa, kuma albashin kowa yana shiga ranar 25. Bai san kuɗin haya sau ɗaya ake yanke shi a shekara, su kuwa kayan gini kullum da sabon farashi suke kwana ba. Wanda ya karɓi haya a farkon 2023, kafin a cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, ya je Ƙofar Ruwa a farkon 2024 ya tarar buhun siminti ya haura naira 10,000, shi ya san abin da nake faɗa. Kuɗin da ya karɓa da niyyar sake rufin gefe guda, da ƙyar ya toshe ramuka.

Irin wannan mai gida shi ne kuma mai bugun ƙirji yana cewa "ƙasata ce, gumina ne." Sai ranar da ya je ofishin filaye neman takardar mallaka yake jin labarin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Takardar da zai yi wata da watanni yana bi, izinin zama ce na shekara 99 galibi, kuma akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Ashe shi ma ɗan haya ne, wa'adinsa ne kawai ya fi na sauran tsawo. Na daɗe ban gaya wa 'yan hayata wannan ba, don kada raini ya shigo.

Sai Baba mai zaure, wanda yake zaune a cikin gidan tare da 'yan hayarsa. Tabarmarsa tana bakin ƙofa, buta a dama, rediyo a hagu, carbi a hannu, ido kuwa a kan ledar kowa. Kwastan na Jibiya ba su kai shi sanin abin da ya shiga da abin da ya fita ba. In ka shigo da kaza ya ce, "A'a, Malam, yau baƙi za a yi?" In ka sake shigowa da ita a makon, ya rubuta a zuci. Ranar da ka sayi babur, ranar aka ƙara maka haya, sai dai ba za ka ji ba sai ƙarshen shekara. Shi ya sa 'yan hayarsa suka ƙware a fasa-ƙwauri: nama a ƙasan jaka, alayyahu a sama, sabuwar talabijin a cikin buhun gawayi, atamfar Sallah kuwa sai an je gidan iyaye ake ɗaura ta. Ƙarfe goma na dare ya datse ƙofa da kwaɗo, mabuɗin yana wuyansa. Dokokinsa suna jikin bango da gawayi: ba daka bayan isha'i, ba baƙo ya kwana, ba wanki a bakin rijiya. In za a faɗi gaskiya, gidansa ba ya lalacewa kuma ba wanda yake riƙe masa kuɗi, don ba ka iya ɓuya wa mutumin da ka tsallake ƙafarsa kafin ka fita. Amma shi ma yana shan nasa. Layin banɗaki bai san mai gida ba. Bututu in ya fashe ƙarfe biyun dare ƙofarsa ake bugawa. Ranar da uwargidansa ta yi cacar baki da matar ɗan haya kuwa, shi ne alƙali, shi ne mijin mai ƙara, kuma duk hukuncin da ya yanke zai rasa ɗaya: ko kuɗin haya ko tuwon dare.

Akwai Alhaji sha-yanzu-magani-yanzu. Wannan bai yarda akwai wata sana'a da ta gagare shi ba. Yana da jaka guda mai filaya, da sukundireba, da gam, da tsohon tib na babur da ya yayyanka, da gwangwanin kwalta. In bututu ya tsage ya naɗe shi da roba. In kwano ya huje ya liƙa masa tsumma da kwalta. In soket ya ƙone ya tura wayoyin tsirara a ramin ya tokare da tsinken ashana. Mai gyaran famfo ya ce masa naira 5,000, ya ce, "Don ɗaure wannan ɗan abin? Ai ko ni." Bayan wata uku ruwa ya jiƙa bango tun daga tushe, birkila ya zo ya yi masa jingar 200,000. Za ka gan shi da shekara 65 a kan tsani da babbar riga, iska tana kaɗa shi, 'yan haya a ƙasa suna salati, rabinsu tsoron kada ya faɗo, rabinsu suna tunanin wa zai gaje su in ya faɗo.

Wadda nake cire wa hula ita ce Hajiya mai adashi. Ba ta yi boko mai nisa ba, ba ta taɓa cin bashin banki ba. Da kwasar adashi da ribar atamfa ta sayi fili can bayan gari lokacin ana noma gero a wurin, irin su Danbare kafin ɗaliban sabuwar jami'ar Bayero su cika unguwar. Ta gina ɗaki ɗaya ta zuba ɗan haya, kuɗinsa ya gina na biyu, na biyun suka haɗu suka gina na uku. Yau gidajenta uku, kuma lissafinsu duk yana kanta, ko kwabo ba ya ɓata. In dillali ya kawo mata mutum, ba ta tambayar inda yake aiki. Cewa take, "Turo mini matarka mu gaisa." Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Malam, shi namiji kwana kawai yake yi a gidan. Ita ce 'yar hayar." Shekara uku na yi ina cin kwakwa kafin in gane abin da ta faɗa a numfashi ɗaya.

Yadda take karɓar bashi kuwa abin a koyar ne. Ba ta ɗaga murya, ba ta kai ƙara. In mutum ya riƙe mata kuɗi wata biyu, sai ta yafa mayafi, ta sayi goro da sabulu, ta tafi gidan surukansa gaisuwa. A zauna a yi hira, a tambayi jikoki, a yaba wa yarinya da tsafta. Sai ta miƙe za ta tafi take cewa, "Allah sarki, yaron nan yana ƙoƙari, yanayi ne kawai ya yi masa nauyi, ko na ɗakin ma na ce kada ya damu." Kafin la'asar ɗin washegari kuɗinta ya iso, har da ban-haƙuri.

Gidan gado shi ma nau'in mai gida ne, sai dai mai kai da yawa. Alhaji ya rasu ya bar mata uku, 'ya'ya goma sha bakwai, da gida ɗaya. Malamai suka raba yadda shari'a ta ce: matan su haɗu a tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A takarda komai ya fita fes. A tsakar gida kuwa, wani rabonsa ɗaki da rabi, wata rabonta bai wuce faɗin ƙofa da taga ba. Ɗan haya ya biya babban wa, bayan mako ƙani ya zo ya ce, "Wa ya ce ka ba shi? Ɗakin nan a kason ɗakinmu yake." Bayan wata ɗaya ga mijin wata ƙanwa da takarda daga lauya. Ranar karɓar kuɗi gidan yana da iyaye goma sha bakwai, ranar da masai ya cika maraya ne. Kusa da wannan akwai mai gidan da yake Abuja ko Jidda ya bar wa ƙaninsa amana. Duk shekara ana tura masa hoton bangon waje ta WhatsApp da sabon fenti, da bayanin cewa kuɗin bana duk gyara ya cinye. Bangon gaban nan ya sha fenti har ya yi ƙiba, bayan gidan kuwa akuya tana shiga ta tsaga.

Tsakaninmu da 'yan haya akwai gada, ita ce dillali. A bakinsa kowane gida yana bakin titi, unguwar ba a ɗauke wuta, ruwan rijiyar kamar na gora, mai gidan kuma waliyyi ne. Ya juyo wurinka ya ce wanda ya kawo ma'aikacin banki ne, shi da amaryarsa kawai, ko tari ba sa yi da ƙarfi. Ya karɓi kuɗin ganin gida, ya karɓi la'ada a can, ya zo nan ma ya miƙo hannu. Abin da na daɗe ban lura ba shi ne, shi zaman lafiyarka asara ce a wurinsa. Ɗan haya in ya shekara goma bai motsa ba, la'ada ɗaya ke nan. Shi ya sa duk ƙarshen shekara zai zo ya zauna kusa da kai cikin tausayi: "Malam, ana cutarka. Irin ɗakin nan a bayan layi ninki biyu ake bayarwa. Ka ba shi notis, ina da mai biyan shekara biyu a dunƙule." A Legas tun 2011 doka ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya. Da na gaya wa dillalina haka, ya ce ai shi ya sa bai taɓa sha'awar zuwa Legas ba.

To, 'yan haya. Abu na farko da gidan nan ya koya mini: kuɗin shekarar farko ba shaida ba ne. Kowa yana kawo shi cif, ko da rance, ko da sayar da gona, ko da gudummawar biki. A shekara ta biyu ake sanin wanda aka saka a gida.

A nan Malam Gobe yake bayyana. Ba wanda ya kai shi ladabi. Tun daga nesa zai cire takalmi: "Baba, barka da hutawa. Wallahi yanzu nake cewa zan zo in same ka." Bai taɓa cewa ba zai biya ba, kuma bai taɓa maimaita uzuri ɗaya sau biyu ba. Albashi bai shiga ba. Ya shiga, amma an yi rasuwa a ƙauye. An yi arba'in, sai matar ta haihu. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ce kuɗin suna banki, hannu ne ba ya kaiwa gare su. Na ce ya turo ta waya. Ya ce ya tura, har an cire a wurinsa, sabis ne ya riƙe a hanya, ya nuna mini hoton rasit wanda yatsansa ya rufe kwanan wata. Masallaci ɗaya muke salla. In ya hango ni a sahu, liman yana sallama zai miƙe ya tayar da nafila, raka'a bayan raka'a, da doguwar sujada, har sai na gaji na tafi. Ban san ladan da na jawo wa bawan Allahn nan ba, amma ina fatan a raba da ni.

Wanda ya fi shi wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwa. Ɗan yayarka ne, ko ƙanin matarka, ya yi aure ba shiri aka ce, "Kawu, ka ɗan ba shi ɗaki kafin ya samu wuri." Kafin ɗin nan yanzu yana da 'ya'ya huɗu. Ba ka isa ka ambaci kuɗi ba, don ranar da ka gwada, kafin ka isa gida an kira ka daga garuruwa uku ana tambaya ko duniya ce ta ruɗe ka. Shi ne kuma kan gaba wajen ƙorafi: fentin ya koɗe, ƙofar tana ƙara, ya kamata a haƙa burtsatse. Sauran 'yan haya yana gaya musu, "Gidanmu ne ai."

Sai wanda ya zo shi kaɗai da katifa da buta, ya ce ɗalibi ne mai son shiru. Bayan wata ɗaya ga ƙaninsa ya zo rubuta jarrabawa. Ga abokin ƙanin. Ga wani ɗan garinsu da ya zo neman aiki. Wata asuba na ƙirga takalma a ƙofar ɗakin na samu ƙafa tara. Na ce, "Samari, ɗaya ba shi da abokin tafiya ne?" Aka ce mai ɗayan ya fita alwala. Mai biro da takarda yakan ce ina ruwansa, ɗaki ɗaya ya bayar, kuɗin ɗaki ɗaya zai karɓa. Bai san rijiya da masai ba ɗaki suke ƙirgawa ba, kawuna suke ƙirgawa, kuma motar da take zuwa zuƙe masai ba ta karɓar labari.

Amma in kana son ganin halin ɗan Adam tsirara, zo ranar rabon kuɗin wuta. Mita ɗaya ce a gidan, don haka ake zama a ƙirga kayan kowa: ƙwan fitila kaza, fanka kaza, dutsen guga kaza. A ranar nan duk gidan masu gudun duniya ne. Kowa ƙwai ɗaya gare shi, shi ma ba ya kunnawa sai zai nemi takalmi. Mai fanka ya ce ta lalace tun bara, ado ce. Mai talabijin ya ce labarai kawai yake kallo. Mita kuwa tana can tana cin kati kamar ana binta. Wata rana na shiga wani ɗaki duba yoyo, na ga tebur an lulluɓe shi da zani mai kyau, an jera kwalla da furen roba a kai. Ina tsaye sai teburin ya yi gurnani. Ashe firiza ce, matar gidan ƙanƙara da zoɓo take sayar wa unguwa, sauran 'yan haya suna biya mata jari. A ɗakin gaba akwai injiniyan dare, wanda yake da hita a cikin bokiti da rishon lantarki a ƙarƙashin gado, kuma ya san wayar da ake zagaye mita da ita. Da aka ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk da layinmu bai shiga rukunin ba, labarin kaɗai ya sa taron watan ya kusa zama dambe. Na haƙura na sayi ƙananan mitoci na saka wa kowane ɗaki tasa. Cikin wata ɗaya aka ga masu gudun duniyar gaskiya. Rigimar kuwa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi: yanzu ana faɗa a kan wa zai biya wutar injin jan ruwa da ƙwan zaure.

Tsakar gida daular mata ce, kuma ni baƙo ne a cikinta, sai da sallama uku nake shiga. Akwai jadawalin shara da wankin banɗaki da na liƙa a bango, wanda kowace take tuna ranar kowa ban da tata. Akwai igiyar shanya, wadda aka fi yin shari'a a kanta fiye da gado. An taɓa kirana daga wurin ɗaurin aure in zo in tantance ɗan wa ya yi aika-aika a bakin rijiya, kamar ina da na'urar gane mai shi. A cikinsu akwai gidan rediyo, wadda take tare ni a zaure: "Baba, ba gulma ba, amma ka san na ƙuryar nan sun fara ɗaure kaya?" Labarinta yana da amfani, sai dai ba kyauta ba ne, don duk mai kawo maka rahoto ta san ba za ka matsa wa mijinta a kan kuɗi ba. Duk da haka, ranar da ɗaya ta fara naƙuda da tsakar dare mijinta yana tafiya, waɗanda ba sa ga-maciji da ita su suka kai ta asibiti, su suka yi mata ruwan wanka har ta yi arba'in. Ranar arba'in da ɗaya aka koma maganar igiya.

Lauyan gida ba lauya ba ne, kayan waya yake sayarwa, amma dokar haya a kansa take kamar karatun allo. Ranar da ka ce ya tashi zai gyara zama ya ce, "Alhaji, ni ɗan shekara ne, notis ɗina wata shida. Ɗan wata shi ake ba wata ɗaya. In ya cika ka sake ba ni na kwana bakwai, sannan mu haɗu a kotu." Abin haushin, a yawancin jihohin Najeriya haka abin yake. Kuma in zuciya ta ɗebe ka ka cire masa ƙofa, ko ka yaye kwano, ko ka watso kayansa waje, kai za ka koma wanda ake ƙara. In ka kuskure kwanan wata a takardar notis, a ce ka koma farko. Shi kuwa duk tsawon lokacin yana zaune, yana gaishe ka da fara'a. Ba na zagin dokar, don na yi shekara 20 ina haya kafin in mallaki ko bulo ɗaya, na san abin da ake ji in mai gida ya yi sallama da safe. Amma na ga yadda irin wannan shari'a take ƙarewa: a zauren mai unguwa, ko gaban liman, ko ofishin Hisba, a ce, "Alhaji, kai ne babba, a yi haƙuri." Ka yafe bashin wata takwas, ka kuma biya kuɗin motar da za ta kwashe masa kaya, kana godiya.

Akwai mai ƙawata gida, wanda bai tambaye ka ba ya fasa siminti ya shimfiɗa tayil, ya sake silin, ya yi fenti ruwan hoda, sannan ƙarshen shekara ya kawo maka lissafi: an cire kuɗin gyara, kai ne ma ake bi 15,000. Ranar tashinsa zai kwance duk abin da yake kwantuwa, har mariƙin ƙwan fitila da sakatar da ya tarar. Akwai kuma mai tafiyar dare, wanda ya fi kowa sauƙi. Yau fanka ta tafi gyara, gobe katifa ta tafi wanki, jibi matar ta tafi ganin gida. Ranar da ka fasa kwaɗon za ka tarar da kalanda da tsintsiya.

Mutum ɗaya ne ba na iya yi wa dariya. Shi ba ya kawo uzuri, don ba shi da ƙarfin ƙirƙira. Masaƙar da yake aiki ce ta rufe, ko ciwo ya kwantar da shi, ko kuma mace ce da miji ya rasu ya bar ta da yara a ɗakin. Zai zo da daddare da naira 5,000 a ninke, ya miƙo da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Wanda ya daɗe a harkar nan yana bambance shi da Malam Gobe tun daga sallama: mai wasa da kai surutu gare shi, marar shi kuwa kalmominsa ba su wuce biyar ba. Ɗakin ƙarshe na hagu a gidana shekara uku ke nan ban rubuta komai a shafinsa ba. Dillali ya ce na zama gidan marayu. Na ce ya bari sai ranar da shi zai iya zuwa ya faɗa wa matar da ke ɗakin da bakinsa. Har yau bai je ba.

Sai na ƙarshe, wanda ake samu ɗaya a cikin goma in an yi sa'a. Saura mako biyu wa'adinsa ya cika za ka ji alat. Famfo ya lalace ya gyara bai gaya maka ba. Matarsa ba ta cikin shari'ar igiya, 'ya'yansa suna gaishe ka har ƙasa. Irin wannan ba a ƙara masa haya, ko dillali ya yi kuka da hawaye. Kana kai masa naman layya da kanka, kana addu'a Allah ya buɗa masa, amma can ƙasan zuciya kana cewa kada buɗin ya yi yawa, don mai irin wannan tsari ba ya daɗewa a gidan wani.

Nawa ya zo makon jiya bayan isha'i, da ledar lemo da ayaba. Tun da na ga ledar gabana ya faɗi. Ya ce, "Baba, albarkacin addu'arku na gama ɗan ginin nan nawa a hanyar Bichi, ƙarshen wata za mu tare." Na yi masa murna da baki. Sai ya matso, ya rage murya, ya ce, "Kuma Baba, filin ya yi saura, na zuba ɗaki shida a baya na haya. Na yi lissafi, shekara tara zan mayar da kuɗina, ga kuma ɗan abin da zai riƙa shigowa mutum yana kwance. Shi ne na ce in zo ka ba ni shawara."

Na dube shi, na dubi biron da yake maƙale a aljihunsa. Na ce ya ciro wayarsa, na karanta masa lambar mai motar zuƙe masai, da ta mai gyaran famfo, na ce ya nemi ta mai unguwarsu tun yanzu. Yana cikin rubutawa tawa wayar ta yi ƙara. Gidan rediyo ce. Ta ce, "Baba, ba gulma ba, amma guga ya faɗa rijiya, kuma kowa ya ce ba shi ne na ƙarshen ɗiba ba."